Hoton dare: tarihin da babu shi cikin littafin lakwal

Bara, muna cikin gyaran ɗakin marigayi mahaifina a Maraɗi, sai na ci karo da wani tsohon hoto baƙi da fari a ƙasan akwatin ƙarfe. Wani saurayi ne tsaye bakin titi da dare, sanye da wando mai faɗin ƙafa, bayansa duhu baƙi ƙirin, sai fitilar mai shayi can gefe. Na jima ina kallo kafin na gane Baba ne, lokacin da yake aiki a Yamai. Gwaggona ta ce in ƙona shi, wai hoton ƙuruciya bai dace da dattijo ba. Ban ƙona ba, ga kuma dalilina.

Bayan samun mulkin kai a 1960, biranenmu sun cika da matasa masu neman aiki da karatu, kuma da dare ne suke haɗuwa. A Yamai akwai wani mai hoto, Philippe Koudjina, wanda aka haifa a 1940, asalinsa Togo. Ya kan bi tituna da wuraren kiɗa da kyamararsa, yana ɗaukar sojoji, ma'aikata, makaɗa da ƴammata. A Bamako kuma Malick Sidibé ne. Shi kan zagaya wuraren biki har tsakar dare, ya koma shago ya wanke hotunan, sannan ya jera su don kowa ya zo ya zaɓi nasa. Wannan aikin ne ya kai shi ga samun babbar lambar yabo a Venise ta Italiya a 2007.

Me ya sa hoton dare yake kama zuciya haka? Hasken da kyamara ke walƙawa ba ya wuce ƴan taku kaɗan. Wanda ke kusa sai ya fito fes, har zufar goshinsa, sauran gari kuwa ya ɓace cikin duhu. Kuma mutum ba ya samun lokacin gyara tsayuwa kamar a shagon hoto. Shi ya sa nake ganin dariyar Baba a wannan takarda, dariyar da ban taɓa gani ba yana raye.

Abin takaici, da hoto mai launi ya shigo a shekarun 1980, sana'ar irin waɗannan masu hoto ta ja da baya sosai. Koudjina ya rasu a 2014, Sidibé a 2016. Hotunan da suka rage a gidajenmu kuma gara da damina suna cinye su, wasu mu da kanmu muke yaga su don kunya.

Iyaye, don Allah ku adana su cikin leda, ku rubuta suna da shekara a bayansu tun masu tunawa suna raye. Malamai kuma, ku ce wa kowane yaro ya zo da tsohon hoto guda daga gida, ku tambaye shi: wace irin tufa ce wannan, wace fitila ce, wace unguwa ce? Ni na gwada da ɗiyata. Ta dubi hoton ta ce, "Baba, ashe Kaka ma ya taɓa zama yaro?" Daga nan muka kai sha ɗayan dare muna hirar Yamai ta da.