Kibiyar Ƙasar Daura da Mashin Filin Wasa

Duk abin da aka jefa sama, iska ce abokiyar tafiyarsa, kuma ita ce abokiyar gabarsa. Tana tokare shi daga gaba ta rage masa gudu. In kuma ya ɗan ɗaga kai, matsinta a ƙarƙashinsa yakan fi na samansa, sai ta tallafe shi ya ƙara nisa. Bature Daniel Bernoulli ya bayyana alaƙar gudun iska da matsinta a 1738, amma maharban ƙasar Hausa sun daɗe suna fama da wannan al'amari da hannu da ido.

Abin lura game da kibiyar Hausa shi ne ba a sa mata gashin tsuntsu a wutsiya kamar ta Turawa ko ta Larabawa. Kyauro ne marar nauyi, sai bakin ƙarfe na maƙera, a shafe shi da dafin kwankwani. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka gazawa ce, alhali kuwa dabara ce. Kibiya ba ta tafiya a miƙe sai in inda nauyinta ya taru yana gaba da inda iska take turinta. Gashi yana mai da turin iska baya. Bahaushe kuwa sai ya kai nauyin gaba, ya bar ƙarfe ya ja kyauro. Wannan hanya tana da tsada, domin daga nesa kibiyar ba ta cika samun saiti ba, balle in hunturu ya taso daga arewa maso gabas. Sai dai dafi ya cike giɓin, tunda ƙwarzane kaɗai ya isa.

Da irin wannan makami 'yan bakan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto cikin 1804. Wajen 1805 guguwar ta iso Daura, Malam Ishaku ya ci garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka kafu a Zango da Baure. Sai daga baya Turawa suka mai da sarauta ga tsohon gidan ta hannun Malam Musa. A lokacin bindiga ta riga ta kashe wa baka kasuwa. Kwari da baka suka koma kayan farauta da na adon hawan Sallah, mashi kuma ya sake bayyana a makarantun boko da sabon matsayi, wato jifan mashi na gasar guje-guje da tsalle-tsalle.

A nan ne tarihi ya yi wani abin sha'awa. Mashin gasa na maza giram 800 ne, kuma masu ƙera shi sun yi ta neman yadda iska za ta ƙara tallafarsa, har ya zama yana shawagi kamar shirwa. Ran 20 ga Yuli 1984, a Balin ta Gabas, Uwe Hohn ya jefa shi mita 104.80. Fili ya kusa gaza ɗaukar jifa, rayukan 'yan kallo da na sauran 'yan wasa suka shiga haɗari. Bugu da ƙari, mashin yakan faɗi a kwance bai kafe ba, alƙalai su yi ta gardamar inda ya sauka. Daga Afrilu 1986 hukumar wasannin ta duniya ta umarta a matsar da cibiyar nauyinsa gaba da santimita 4. Nan da nan ya daina shawagi, ya riƙa sunkuyar da kai da wuri yana cakar ƙasa. Wato dai an sayar da nisa an sayi tabbas, cinikin da maƙeran kibiya suka yi tun kaka da kakanni. Jifa mafi nisa da sabon mashin ita ce ta Jan Zelezny, mita 98.48 a 1996.

Kaurin iskar ma yana da nasa hukunci. Birnin Meziko yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,240, inda matsin iska ya gaza na bakin teku da kusan rubu'i. A can Bob Beamon ya yi tsallen mita 8.90 a gasar Olamfik ta 1968, yayin da masu dogon gudu suka sha wuyar numfashi. Daura ba ta kai mita 500 ba, saboda haka abin da ke sauya iskarta shi ne yanayi: ta bazara mai zafi ta fi ta sanyin hunturu sauƙin ratsawa, amma ba ta kai ta tallafar mashi ba.