Daga Aci-Balbal zuwa Tocilar Goshi: Yadda Batir Ya Shiga Daren Yammacin Zamfara

Wanda ya yi wayo a Gummi ko Anka tun ana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Zamfara a 1996, ya san hasken dare hawa uku ne. Talaka yana da aci-balbal. Mai ɗan hali yana da fitilar ƙwai, wadda ake goge gilashinta kowace yamma kafin a ɗura kananzir. Tocila kuwa ta maigida ce, farar ƙarfe mai cin manyan batura biyu ko uku. Tana ƙarƙashin matashi, ba a taɓa ta sai da dalili: motsi a garke, kunama a tsakar gida, ko rakiyar baƙo. Yaron da ya kunna ta don wasa ya san sauran.

Ba rowa ce ta kawo wannan tsimi ba, halin batirin ne tun asali. Wani Bafaranshe, Georges Leclanché, shi ya haɗa shi a 1866, cikin kwalba mai ruwan sinadari wadda ba ta ɗaukuwa a aljihu. A 1886 Bajamushe Carl Gassner ya daskarar da ruwan, ya ɗura shi a gwangwanin tutiya. Da aka yi wa tocila rajista a Amurka a 1899, da sunan David Misell, su ma can ɗan ƙyallawa suke yi su kashe, domin batirin yakan gaji da wuri, sai ya huta ƙarfinsa ya ɗan dawo. Ashe dattijon Bukkuyum da ke latsa tocila ya saki, ya sake latsawa, daidai yake bi da ita.

Irin wannan batir ne ya cika tebura a kasuwannin ƙauye. An yi zamanin Berec da ake ƙerawa a Legas, daga baya mai kan damisa, Tiger Head na birnin Guangzhou a ƙasar Sin, ya ƙwace kasuwa da araha. Kuma batir ɗaya yakan yi rayuwa kashi-kashi. In haskensa ya yi ja a tocila, sai a mai da shi rediyo, wadda ba ta da ci sosai, a ci gaba da jin BBC Hausa, da ta fara watsa shiri tun 1957. In murya ta fara shaƙewa, a shanya shi a rana, zafi ya ɗan farfaɗo da shi na dare ɗaya. Ƙarshensa hannun 'yan firamare, su fasa shi su shafe allon aji da baƙin garin cikinsa.

Tun 1959 aka fito da batirin alkalin, aikin injiniya Lewis Urry na kamfanin Eveready, wanda ya ninka na tutiya ƙarko. Bai yi kasuwa a karkara ba. Mai sayen batir da kuɗin kaza ba ya lissafin wata uku, na yau yake yi.

Abin da ya sauya dare daga ƙwan tocila ya zo. Tsohon ƙwai yana ƙona mafi yawan ƙarfin batir ya zama zafi, haske kaɗan yake bayarwa. A 1993 Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan ya samar da shuɗin ƙwan LED mai ƙarfi, daga shi aka sami fari. Da masana'antun Sin suka kama shi, sai ga tocilolin roba masu arha, waɗanda ƙananan batura ke riƙe su kwana da kwanaki. Wayar Nokia 1100 ta 2003 ma da 'yar tocilarta a ka ta zo. Sa'ad da gwamnati ta janye tallafin kananzir a 2016, fitilar ƙwai ta riga ta kama hanyar ɗakin tarkace.

Babu waɗanda suka rungumi sabon hasken kamar mahaƙa zinare. A ramukan Bagega, Dareta, Abare da Sunke a Anka, da yankin 'Yargalma a Bukkuyum, ko da tsakar rana dare ne, kuma hannu biyu na kan diga. Tocilar goshi ta zama kayan aiki, mutuwar batir a ƙasan rami kuwa ba abin wasa ba ce. Waɗannan suna cikin garuruwan da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a cikinsu a 2010, daga ƙurar dutsen da ake niƙawa a gida. Shi ya sa nake jin faɗuwar gaba in na ga yaro yana wasa da matacciyar fitilar caji: da yawa daga masu arhar nan ƙaramin batirin dalma ne a cikinsu, ɗan'uwan na mota.

Fitilar caji da ta sola sun zo da alkawarin raba mutane da sayen batir, amma suna da sharaɗi. A Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da fetur saboda 'yan bindiga, mai shagon caji da janareta ba shi da tabbas. Haka wanda ambaliyar 2024 ta fitar daga gidansa a Gummi, ba soket yake nema ba. A irin wannan dare, abin da ke aljihu shi ne naka.

To ƙarko iri biyu ne, kuma mai tebur ba ya rarrabe maka. Akwai ƙarkon aiki, akwai na ajiya. Batirin tutiya gwangwaninsa ne abincinsa: yana aiki yana cinye jikinsa, har ya huje ya zubo ruwan da ke cinye ƙarfen tocila. A ajiye bai cika wuce shekara biyu zuwa uku ba, zafin bazara kuma yana rage masa kwana. Alkalin yakan kai shekara biyar zuwa goma, kuma ana buga ranar ƙarewarsa a jiki. Na kullum, mai arha ya wadatar. Na ranar gudu kuwa, alkalin ne, a cire shi daga tocila, a ƙulle a leda, kada a haɗa sabo da tsoho, a ajiye a inuwar ɗaki inda hannu zai same shi cikin duhu.