Sandar Gora a Kamun Kifin Amurka: Daga Leonard zuwa Gierach

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani salon fatsa da ya sha bamban da wanda masunta suka saba da shi a kogunan ƙasar Hausa, domin a maimakon tana ko wani abinci da ake saƙala wa ƙugiya, ana ɗaura mata gashin tsuntsu da zare ne har ta yi kama da ƙwaron da ke shawagi a kan ruwa. Kifin da aka fi nema da wannan dabara shi ne tirawut, mazaunin ƙoramun duwatsu masu sanyi. Da yake ƙwaron jabun ba shi da nauyin da zai kai shi nesa, igiyar ce ake wurgawa, ita kuwa igiyar ba ta tafiya sai da sanda mai lanƙwasa ta miƙe da ƙarfi. Wannan buƙata ce ta haifar da sana'ar ƙera sandar gora, wadda ta yi tashe kusan shekara ɗari, ta yi kamar za ta mutu, sannan ta farfaɗo a hannun ɗaiɗaikun mutane.

Kafin a koma ga gora, da katako ake yin sandunan, ciki har da wani icce mai nauyi da ake kawowa daga Guyana a Kudancin Amurka, kuma sandar takan yi tsawo da nauyin da ke gajiyar da hannu. A shekarun 1840 wani maƙerin bindiga a garin Easton na jihar Pennsylvania, Samuel Phillippe, ya fara tsaga gora yana fiƙe tsage-tsagen yana haɗa su da gam. Hikimar da ke cikin wannan aiki ta samo asali daga halittar gorar kanta: cikinta rami ne, ƙarfinta kuma yana cikin jijiyoyin da suka taru dab da ɓawo, saboda haka idan aka yanko ɓangarorin waje aka manne su wuri ɗaya, sai a sami sanda marar rami wadda jijiyoyi masu ƙarfi suka kewaye ta ko'ina.

Wanda ya mayar da wannan gwaji sana'a sosai shi ne Hiram Leonard, shi ma maƙerin bindiga kuma mafarauci a garin Bangor na jihar Maine, wanda ya fara ƙera sanduna a farkon shekarun 1870. A hannunsa ne tsarin tsage shida ya kankama, wato a fiƙe kowane tsagi ya zama mai kusurwa uku daidai wa daida, yana sirancewa daga gindi zuwa kai, ta yadda idan aka haɗa shidan za su ba da sanda mai gefe shida. Ya ƙirƙiro injin da ke yin wannan fiƙa cikin daidaito, ya ɓoye shi daga idon jama'a, kuma a 1881 ya mayar da masana'antarsa Central Valley a jihar New York. Yaran shagonsa, irin su Edward Payne da Fred Thomas da Eustis Edwards, sun fita sun kafa nasu shagunan, har ya zama cewa yawancin fitattun sunayen wannan sana'a a Amurka za a iya bin salsalarsu zuwa ga Leonard, wanda ya rasu a 1907.

Gorar farko da aka yi aiki da ita daga Indiya ake kawo ta, ta tashar Kalkata, amma zuwa farkon ƙarni na 20 sai wata gora daga kudancin Sin ta kore ta daga kasuwa. 'Yan kasuwa suna kiranta gorar Tonkin, ko da yake Tonkin yanki ne na arewacin Biyetnam, ita kuwa tana fitowa ne a tuddan da ke gefen kogin Sui, wajen iyakar lardunan Guangdong da Guangxi. Miƙaƙƙiya ce, gaɓoɓinta suna da tazara, jijiyoyinta kuma suna da kauri. Bayan an sare ta akan goge ta da yashi a bakin kogi, a shanya ta a rana har korenta ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Masanin tsirrai Floyd McClure, wanda ya koyar a birnin Canton, shi ya raɗa mata sunan kimiyya Arundinaria amabilis a 1931, kalma ta biyun kuwa ma'anarta a Latin abin ƙauna.

Aikin da ke tsakanin ɗanyar gora da gamammiyar sanda ya cancanci a dube shi kusa. Maƙeri yakan tsaga gorar da wuƙa, ya goge tudun kowace gaɓa, ya ɗumama ta a wuta ya danne har ta miƙe, sannan ya gasa tsage-tsagen domin danshi ya fita su ƙara tauri. Daga nan sai ya kwantar da tsagi ɗaya a cikin kwarin wani dogon ƙarfe, ya riƙa fiƙe shi kaɗan-kaɗan yana aunawa, inda kuskuren da ake yafewa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na inci ba, kuma a can ƙarshen sanda kowane tsagi bai kai kaurin tsinken ashana ba. Akan jera tsage-tsagen yadda gaɓoɓinsu ba za su haɗu a wuri ɗaya ba, saboda gaɓa ita ce wurin rauni. Sai a shafa gam, a naɗe da zare har ya bushe, a ɗaura zobban da igiya ke bi ta ciki da zaren siliki, a sa mariƙi. Sanda ɗaya takan ci sa'o'i arba'in ko fiye.

A rabin farko na ƙarni na 20 gora ta zama kayan kowa, domin kamfanoni irin su Montague da Heddon da South Bend suna fitar da sanduna masu araha da yawan gaske, a Ingila kuma gidan Hardy na Alnwick ya yi suna. Abubuwa biyu suka durƙusar da kasuwar kusan a lokaci guda. A 1950, sakamakon yaƙin Koriya, Amurka ta hana ciniki da Sin, hanin da bai sassauta ba sai 1971, saboda haka gorar Tonkin ta yanke wa duk wanda bai tara ta ba. A daidai wannan lokaci sandar zaren gilashi ta shigo da araha, kuma a 1973 ta girafayit ta biyo baya, wadda ta fi sauƙin nauyi. Masana'antu suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya ceci sana'ar shi ne fitar da iliminta daga ɓoye. Everett Garrison, injiniya ne da ke ƙera sanduna a gidansa da hannu ba tare da injin fiƙa ba, yana lissafa sirancewar kowace sanda da ƙa'idojin aikin injiniya. Bayan rasuwarsa a 1975, Hoagy Carmichael ƙarami ya kammala littafin da suka fara tare, A Master's Guide to Building a Bamboo Fly Rod, ya fito a 1977, kuma da shi ne mutane masu yawa suka koyi aikin a ɗakunan gidajensu. Sai dai farfaɗowar ta zo da wata illa, domin tsofaffin sandunan Payne da Garrison sun koma hannun masu tara kayan tarihi, farashinsu ya kai dubban daloli, aka riƙa adana su a akwati ba sa taɓa ruwa.

A nan ne gudummawar marubuci John Gierach ta fito fili. An haife shi a 1946, ya karanci falsafa a jihar Ohio, ya zauna kusa da garin Lyons na jihar Colorado a bakin kogin St. Vrain, kuma littafinsa Trout Bum na 1986 ya sa masu wannan fatsa suka ɗauke shi a matsayin bakinsu, saboda yana rubutu da harshen da suke hira da shi. A littafinsa Fishing Bamboo na 1997 ya tsaya kai da fata cewa sandar gora kayan aiki ce da aka yi domin a shiga ruwa da ita, ya yaba sandunan Granger da Phillipson da aka ƙera a Denver domin masu matsakaicin hali, ya kuma jawo hankali ga maƙera masu rai irin su maƙwabcinsa Mike Clark na Lyons. Wannan matsayi nasa shi ne daidai, domin ingancin da Leonard da Garrison suka sha wahala a kai ba ya bayyana sai igiya tana cikin iska. Gierach ya rubuta littattafai sama da 20 kafin rasuwarsa a watan Oktoba na 2024, kuma da yawa daga waɗanda ke riƙe da sandar gora a kogunan Amurka a yau ta hanyar rubutunsa suka fara sanin ta.