Daga Turu Zuwa Asibiti: Tarihin Jinyar Taɓin Hankali a Kaduna

Hausawa sun daɗe da sanin hauka, kuma sun rarraba shi gida-gida: akwai wanda ake dangantawa da iskoki, da na sammu, da na gado. Mai wannan lalura akan kai shi wurin malam don rubutu da tofi, ko wurin boka da 'yan bori don turare da girka. Idan kuwa ya fara duka, sai a sa shi a turu, watau gungumen icen da ake ɗaure ƙafarsa a ciki. Tarihin jinyar masu taɓin hankali a Kaduna ya nuna cewa turu bai gushe da zuwan asibiti ba, kama kawai ya sake.

Daga cikin cututtukan da Bahaushe ya haɗa a ƙarƙashin kalmar hauka akwai wadda likitan nan na ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya laƙaba wa suna sikizofireniya a 1908. Galibi takan bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru talatin. Mai ita yakan ji muryoyin da ba wanda ke ji, ya sakankance cewa ana farautarsa, maganarsa ta warwatse, ya kuma janye jiki daga mutane. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kimanin mutum 1 cikin 300.

Lokacin da Turawa suka mai da Kaduna hedkwatar Arewa a wajen 1917, sun zo da Dokar Mahaukata ta 1916. Wannan doka tsarewa ta sa a gaba, domin ta ba alƙali ikon killace mutum bisa shaidar likita. Da yake babu asibitin ƙwaƙwalwa a Arewa a wancan zamani, da yawa daga cikin marasa lafiyar a gidajen yari suka ƙare, har da na En'e. An sake fasalin dokar a 1958, amma manufarta ba ta sauya ba.

Canji ya taso ne daga wurare biyu. A 1952 likitoci a birnin Faris suka gano cewa maganin chlorpromazine, wanda aka fi sani da Largactil, yana kwantar da jin muryoyi da ruɗin tunani. A 1954 kuma Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke zaune a ƙauye tare da danginsa, yana zuwa asibiti karɓar magani. Ita Kaduna sai a shekarun 1970 ta sami asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa, kudu da kogi, wanda daga baya ya koma hannun Gwamnatin Tarayya.

Duk da haka, a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kutsa wani gida a Rigasa, arewa da kogin, suka fitar da mutum sama da 300, wasu ɗaure da mari. A watan Oktoba aka sake fitar da mutum 147 daga wani gidan a unguwar. Yawancinsu dangi ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko kangara ko taɓin hankali. Ba mamaki, domin maganin asibiti yana bukatar kuɗi wata bayan wata, likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, ga kuma tsoron kada a ce gidan wane akwai hauka, aure ya gagari 'ya'yansu.

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci. Sai dai tarihin ya nuna cewa doka kaɗai ba ta kwance mari. Iyali ba sa barin turu sai sun sami magani kusa da gida, a farashin da za su iya biya, tare da ma'aikacin lafiya mai jin harshensu, wanda kuma ba zai raina malamin da suka fara zuwa wurinsa ba.