Kiranyen mota da gyaran garanti: yadda suke aiki, da abin da ya shafi mai mota a Yamai

Kiranye shi ne lokacin da kamfanin da ya ƙera mota ya gano wani aibu da ya fito tun daga masana'anta, wanda zai iya jawo haɗari, sai ya nemi duk masu irin wannan motar su kawo ta a gyara kyauta. A takardun Faransanci ana rubuta shi "rappel constructeur". Garanti kuwa alkawari ne na ɗan lokaci: duk abin da ya lalace ba da laifin direba ba, kamfani ne zai gyara. Mutane kan haɗa su wuri ɗaya, alhali sun bambanta. Garanti yana ƙarewa da shekaru ko kilomita, kiranye kuma yana bin motar ne, ko da ta wuce hannu biyar, ko da ta tsallaka teku.

Wannan bambanci ya fi shafar mu fiye da Turawa. Yawancin motocin da ke yawo a titunan Yamai na hannu ne, sun yi rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashar Kwatano ko ta Lome. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, hanyar Lome ta Burkina Faso ce ta ɗauki kaya da yawa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Wasiƙar kiranye tana zuwa ne ga adireshin wanda sunansa ke rajistar can. In an riga an sayar da motar, wasiƙar na gidan wani Bature a Liyon ko Hambug, motar kuma na gindin bishiya a Bukoki.

Asalin dokar

A Amurka aka fara tilasta kiranye, da dokar tsaron motoci ta 1966. Hukumar NHTSA ce ke sa ido. Kamfanin da ya gano aibu dole ya sanar da ita cikin kwana biyar na aiki, sannan ya rubuta wa masu motocin. Gyaran kyauta ne muddin motar ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba, ko da yake a manyan matsaloli kamfanoni kan ci gaba da gyara bayan wannan wa'adi. A Faransa, tun Afrilun 2021 gwamnati ta buɗe shafin RappelConso inda ake jera kayan da aka yi wa kiranye, har da motoci.

Ɓoye aibu yana da tsada. A 2009 da 2010 Toyota ta yi kiranyen miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, wani lokaci shimfiɗar ƙafa ce ke riƙe shi. Shugaban kamfanin, Akio Toyoda, ya bayyana gaban majalisar Amurka a Fabrairun 2010, kuma a 2014 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.2 saboda bai faɗa wa jama'a gaskiya da wuri ba. A wannan shekarar General Motors ta yi kiranyen mota miliyan 2.6 saboda wurin makulli da ke kashe inji ana cikin tafiya. Daga baya asusun diyyar kamfanin ya amince da mutuwar mutum 124.

Motocin gudu ma ba su tsira ba

Akwai masu zaton tsadar mota na nufin ba ta da aibu. Tarihin motocin gudu ya nuna akasin haka, domin injinsu ya fi zafi, kuma ƙaramin kuskure yakan fito da wuri.

A Satumban 2010 Ferrari ta kira duk 458 Italia da ta ƙera zuwa lokacin, guda 1,248, bayan wasu sun kama da wuta. Abin da ya jawo bai taka kara ya karya ba: gam ne da aka liƙa garkuwar zafi da shi a saman tayar baya, kusa da salansa. In ya yi zafi sai ya narke ya kama. Gyaran shi ne a cire gam a ɗaure da ƙusar ribit. A Fabrairun 2014 Porsche ta ce wa masu sabuwar 911 GT3 su ajiye ta, bayan biyu sun ƙone, ɗaya a Siwizalan ɗaya a Italiya. Bincike ya nuna wani noti ne a cikin inji ke kwancewa. Kamfanin bai tsaya canja noti ba, ya canja inji sukutum a duk motoci 785. A 2018 BMW ta kira kimanin mota miliyan 1.6 masu shan gazuwal a duniya, saboda ruwan sanyaya da ke yoyo a na'urar maida hayaƙi, abin da ya ƙone motoci da dama a Koriya ta Kudu. A 2022 Ferrari ta sake kiran sama da mota dubu 23 a Amurka a kan murfin tulun man birki.

Ferrari ba kasafai ake ganin ta a Yamai ba, amma tsofaffin BMW da Mercedes masu ƙarfin inji suna nan hannun samari, kuma su ne batun da ke tafe ya fi shafa.

Jakar iska ta Takata

Babu kiranyen da ya kai wannan girma a tarihin mota. Takata kamfanin Japan ne da a da yake ƙera jakar iska, wadda makanikai ke kira erbag, yana sayar wa kamfanonin mota kusan ashirin. A bayan jakar akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadari. In an yi karo sai sinadarin ya ƙone nan take, iskar da ya fitar ta cika jakar kafin ƙirjin direba ya kai ga sitiyari. Takata ta zaɓi amoniyam naitiret, dangin takin zamani, saboda arha. Shekaru na zafi da laima, da sauyin zafin rana da sanyin dare, suna lalata shi, har ya riƙa ƙonewa da sauri fiye da kima. Sai gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su bi ta cikin jakar su sami fuska da wuya. An sha samun wanda ya mutu a karon da bai fi lotsa gaban mota ba.

Honda ce ta fara kiranye a Nuwamban 2008, da mota kimanin dubu 4. A ƙarshe adadin gwangwanayen da aka kira a Amurka kaɗai ya kai kimanin miliyan 67, kuma hukumar NHTSA ta tabbatar da mutuwar mutum 28 a ƙasar zuwa 2024. A 2017 Takata ta amsa laifin ɓoye sakamakon gwaji, ta amince da biyan dala biliyan 1, sannan ta karye a watan Yuni.

Ga waɗanda aka ce kada a ƙara tuƙawa sai an gyara, cikin nau'in da ake gani a nan. A Mayun 2023 BMW ta ba da wannan gargaɗi a Amurka a kan jerin 3 na 2000 zuwa 2006 har da M3, da jerin 5 na 2000 zuwa 2003 har da M5, da X5 na 2000 zuwa 2004. A Janairun 2024 Toyota ta yi haka a kan Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 na 2004 da 2005. A Faransa, Citroën ta fara da C3 da DS3 a kudancin ƙasar a 2024, kuma bayan mutuwar wata mata a birnin Rans a Yunin 2025, ministan sufuri Philippe Tabarot ya faɗaɗa umarnin har ya shafi mota miliyan 1.7. Kafin a kai nan, yawancin mace-macen Faransa sun auku ne a tsibiranta masu zafi irin su Gwadalup, kuma an ɗauki shekaru kafin Paris ta ɗauki abin da muhimmanci.

Wani zai ce ai Yamai busasshiya ce. Gaskiya ne laima ce babbar abokiyar gabar sinadarin, kuma ba mu kai bakin teku ba. To amma motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ke wuce digiri 40, cikinta tanda ne, ga damina daga Yuni zuwa Satumba, ga watannin da wataƙila ta yi a filin ajiya na Kwatano. Uwa uba tsufa, wanda ke ƙara haɗarin a ko'ina. Fitilar erbag da ke gaban direba ba ta nuna wannan aibu. Tana iya zama lafiya ƙalau alhali gwangwanin ya lalace.

Katako

Kasuwar Katako ta samo sunanta daga katakon gini, amma duk ɗan Yamai ya san abin da ke cikinta ya wuce nan: rodi, kwano, tsofaffin ƙarafa, maƙera, masu narka alminiyam su zuba tukwane, da masu sayar da kayan da aka kwance daga matattun motoci. Albarkacin irin wannan kasuwa ne motar shekara ashirin ke ci gaba da tafiya, kuma a fitila ko ƙofa ko radiyeta babu laifi a sayi na hannu.

Jakar iska daban ce. Sitiyarin da aka cire daga motar da ta mutu yana iya ɗauke da gwangwanin da aka yi wa kiranye, kuma mai sayarwa ba shi da yadda zai gane da ido. Hakan ya faru a Las Begas a 2017: wata budurwa ta ji mummunan rauni a wuya a cikin Honda Accord da aka gyara bayan haɗari, aka sa mata gwangwanin da aka ciro daga wata tsohuwar Accord a makabartar motoci. Binciken lambar motar ba zai nuna wannan ba, tun da kayan ba nata ba ne. Saboda haka motar da aka taɓa canja wa sitiyari ko allon gaba tana buƙatar a buɗe a karanta lambar gwangwanin kansa.

Akwai kuma masu sana'ar ƙarfe. Gwangwanin da bai tashi ba abu ne mai fashewa, ko na Takata ne ko ba nata ba. Bai kamata a sare shi da guduma, ko a yanka da wutar walda, ko a jefa shi cikin wutar narka tare da sauran ƙarafa ba. Yaran da ke tsintar ƙarfe su ne suka fi buƙatar a nuna musu kamanninsa: wani kamar ƙaramin gwangwanin tumatir mai ramuka a kewaye, wani dogo kamar tocila, da wurin jona waya, sau da yawa rawaya.

Yadda ake bincika mota

Komai ya rataya ne a kan lambar shasi, mai harufa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, da cikin kart giris. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don haka abin da ya yi kama da O sifili ne. Farkonta yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, VF Faransa, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. A tabbata lambar takarda ta yi daidai da ta jikin mota.

Motar da aka fara sayarwa a Amurka, a shigar da lambarta a shafin kiranye na NHTSA. Ta Turai kuwa, a shiga shafin kamfanin na ƙasar da ta fito. Toyota da BMW da Mercedes da Citroën duk suna da wurin saka lambar. Kyauta ne, wayar hannu ta isa. Sai a kula: shafin Amurka bai san motar da aka sayar a Beljiyam ba, don haka in ya nuna babu komai, ba shaida ba ce cewa motar lafiya take.

In lambar ta fito, a ɗauki hoton shafin a tafi wurin wakilin kamfanin. A Yamai, CFAO ce wakiliyar Toyota. A tambaya ko za su iya yin odar kayan da lambar shasin, da ko kamfani ne zai biya, domin motar da ba ta hannun wakili ta shigo ba sai an nemi amincewa daga sama, kuma dokar Amurka ko ta Faransa ba ta tilasta kowa a Nijar. A nemi amsa a rubuce. Aikin kansa gajere ne, galibi bai wuce awa ɗaya ko biyu ba. Jiran kayan ne ke ɗaukar lokaci. Kamfanin da ba shi da wakili a nan, ana iya rubuta wa ofishinsa na kula da masu saye, ko a nemi wakilinsa a Abijan ko Legas. Kada makaniki ya cire wayar erbag da sunan magani: yin haka na iya kashe sauran jakunkunan, har da abin da ke ɗaure bel lokacin karo.

Garanti

Garantin sabuwar Toyota a Turai shekara 3 ne ko kilomita dubu 100, duk wanda ya riga zuwa. A Amurka shekara 3 ko mil dubu 36. Porsche shekara 2 take bayarwa a Turai, 4 a Amurka. Motar hannu mai shekara goma ta daɗe da fita daga wannan, kuma ko sabuwa ce, garantin wata nahiya galibi ba ya aiki a wata. Wanda ya sayi sabuwa a wurin wakili a Yamai shi ne mai cikakken haƙƙi, in ya kiyaye sharuɗɗa: juyen mai a kan lokaci, da hatimin gareji a littafin kula da mota. Taya da fatar birki da kulochi ba sa ciki, don kaya ne masu cinyewa.

A motocin gudu, abu biyu ne suka fi kashe garanti. Na farko taɓa kwamfutar inji don ƙara ƙarfi. Na'urar binciken wakili takan gano an taɓa, ko da an maido da tsarin asali. Na biyu tsere. Sai kuma mai: injin da aka ƙera don fetur mai lamba 98, in aka riƙa ba shi na kwalba daga bakin hanya har fistin ya ƙone, kamfani zai ce laifin mai ne. Duk wannan bai shafi kiranye ba. Motar da garantinta ya mutu tana nan cikin jerin waɗanda za a canja wa jakar iska.

"Garantin" da dillali ke bayarwa a filin sayar da motoci, na sati ɗaya ko wata ɗaya, yarjejeniya ce tsakaninku, ba ruwan kamfani. A rubuta ta a takardar ciniki, a faɗi ko inji da giya kaɗai ta ƙunsa, a sa lambar shasi da kilomitan da agogo ya nuna ranar, shaidu biyu su sa hannu.