Adamu Halilu da Fim Ɗin Shaihu Umar

Duk lokacin da muke ba da tarihin fim a ƙasar Hausa, wajibi ne mu ambaci marigayi Alhaji Adamu Halilu, wanda aka haifa a Garkiɗa a 1936. Ya goge ne a sashen majigi na gwamnatin Jihar Arewa, inda ake shirya finafinan wayar da kai ana haska wa jama'a a dandali.

Babban aikinsa shi ne Shaihu Umar, na 1976. Labarin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sannan Halilu ya ɗauke shi a fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu.

Daga baya fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekara da shekaru, sai a 2016 aka tsinto faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Aka gyara shi, aka nuna a Balin ta Jamus a 2018.

Littafin kuwa bai taɓa barin hannun ɗalibai ba. Mu marubuta, sai mu riƙe alƙalami da kyau, mu kuma adana abin da muka rubuta.