Tarihin Gidajen Waya Na Ƙauyukan Warwickshire

Jama'a, wanda ya tsaya a Six Ways da rana tsaka ya ga yadda motoci su ke kai da kawowa, da wuya ya yarda cewa Erdington ƙauye ne a da. To, ƙauye ne kuwa, cikin gundumar Aston a lardin Warwickshire, gonaki sun kewaye shi ta ko'ina. Sai cikin 1911 aka haɗa shi da birnin Birmingham, watau shekarar da jirgin ƙasa ya fara isa Kano. Saboda haka labarin gidajen waya na ƙauyukan wannan lardi labarin unguwarmu ne. Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe shi ne, tun farko har yau gidan wayar ƙauye bisa amanar mutum guda ya ke tsaye, mutumin da ke bayan kanta.

Mu dai ba baƙin wasiƙa ba ne. Tun kafin zuwan Turawa fatake su kan ɗauki takardu da Larabci ko ajami daga Kano zuwa Salaga tare da kayansu, in sun juyo da goro su zo da amsa. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu cikin 1934, har littafi ya rubuta a kan yadda a ke tsara wasiƙa. A wancan zamani ba kan sarki, ba rasit, sai dai ka san wanda ka danƙa wa takardarka. A nan Ingila ma da haka abin ya fara.

A zamanin da, masu masauki na bakin hanya su ne ke riƙe da wasiƙu, kamar dai fatoma a zango, don su ke da dawaki, kuma wurinsu matafiya su ke sauka. Cikin 1784 aka fara ɗaukar wasiƙu da karusar doki, da mai gadi zaune a baya riƙe da bindiga da ƙaho. Babbar hanyar da ta tashi daga Landan zuwa Holyhead ta ratsa tsakiyar lardin nan, ta bi Dunchurch da Coventry da Meriden ta shigo Birmingham. Garin da ke bakin wannan hanya ya huta. Amma mutumin ƙauye na can ciki, wasiƙarsa a babban gari ta ke tsayawa. Sai ya taka da ƙafarsa ya karɓo, ko kuwa ya jira mai keken kaya ranar kasuwa ya zo masa da ita, ya ba shi lada. Cikin 1793 aka buɗe wani tsari a Birmingham da Manchester na rarraba wasiƙu cikin gari da kewayensa a kan kwabo guda, ƙauyuka na kusa suka ɗan sami sauƙi.

Babbar wahala ita ce tsada. A lokacin, wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biya galibi, kuma a kan ƙidaya kuɗin bisa nisan tafiya da yawan fallayen takarda. Falle guda daga Landan zuwa Birmingham kwabo tara ne, watau sisi da taro, kusan rabin abin da ɗan ƙodago ya ke samu in ya yini a gona. Sau da yawa talaka ya kan dubi wasiƙar ɗansa a hannun masinja, ya gane rubutun, ya mai da ita don ba shi da abin biya.

Wanda ya kawo maganin wannan kuwa maƙwabcinmu ne. Sunansa Rowland Hill, an haife shi a Kidderminster cikin 1795, ya yi aikin koyarwa a makarantar gidansu ta Hazelwood a Edgbaston. Cikin 1837 ya buga wata 'yar ƙasida inda ya nuna cewa ainihin ɗaukar wasiƙa daga gari zuwa gari ba shi da tsada, yawan lissafi da bin mutane gida gida karɓar kuɗi su ne ke cinye dukiya. Ya ce a sa kuɗi ɗaya ko'ina, mai aikawa ya biya tun farko. Aka yi ta gardama, daga baya Gwamnati ta yarda. Ran 10 ga Janairu 1840 aka fara aika wasiƙa mai nauyin rabin oza ko'ina cikin ƙasa a kan kwabo guda. Ran 6 ga Mayu na shekarar aka fara aiki da abin da mu ke kira kan sarki, ko da ya ke na farkon kan mace ne, watau Sarauniya Biktoriya. Cikin 1839 wasiƙun da aka aika wajen miliyan 76 ne, cikin 1840 suka kai wajen miliyan 169.

Jirgin ƙasa kuma ya zo daidai lokacin. A watan Janairu 1838 aka gwada rarrabe wasiƙu cikin tarago jirgi yana tafiya, daga nan Birmingham aka fara, a kan hanyar da ta nufi Liverpool, cikin wani taragon dawaki da aka gyara. Wannan aiki bai tsaya ba sai cikin 2004. Erdington ta sami tasharta cikin 1862, sa'ad da aka ja hanyar jirgi zuwa Sutton Coldfield.

To, wasiƙa ta yi araha, ta yi sauri, saura yadda za ta kai ƙofar manomi. Daga 1851 wani ma'aikaci mai suna Anthony Trollope, wanda daga baya ya shahara wajen rubuta littattafan hira, ya yi shekara biyu bisa doki yana auna hanyoyin ƙauyuka a yammacin ƙasar, har da lardunan Worcestershire da Gloucestershire da ke maƙwabtaka da namu. Ƙa'idar ita ce kada masinja ya taka fiye da mil 16 a yini, kuma ba a buɗe masa hanya sai in wasiƙun wurin za su biya albashinsa, ana lissafa sisin kwabo a kan kowace wasiƙa. Ƙauyen da mutanensa ba su cika rubutu ba sai ya yi haƙuri. Sai cikin 1897, shekarar da Sarauniya ta cika sittin bisa gadon sarauta, aka yi alkawarin kai wasiƙa kowane gida kyauta, kome nisansa.

Wanda ya ke so ya ga abin wancan zamani da idonsa, sai ya tafi garin Warwick. A ƙofar gabas da ƙofar yamma ta garin akwai akwatunan wasiƙa biyu na ƙarfe, an zuba su cikin 1856 a maƙerar Smith da Hawkes ta nan Birmingham. Bakinsu a tsaye ya ke, ba a kwance ba kamar na yanzu, kuma suna nan har gobe.

Yanzu sai mu zo kan mai riƙe da gidan. Gwamnati ba ta gina ofis a kowane ƙauye ba. Sai ta nemi mai kanti, ko mai gasa burodi, ko tela, ko wata gwauruwa mai mutunci, ta naɗa wakili. Shi zai ba da ɗaki a gidansa, a biya shi gwargwadon aikin da ya shigo, in kuɗi ya ɓace kuwa daga aljihunsa zai cika. Wannan sharaɗi na ƙarshe a riƙe shi, za mu komo kansa.

Kowace shekara sai a ƙara ɗora wa wakilin nan kaya. Cikin 1861 aka buɗe bankin ajiya na gidan waya, domin talakan da banki ba ya kallonsa ya ajiye ko sule guda. Cikin 1870 Gwamnati ta karɓe wayar tangaraho daga hannun kamfanoni ta haɗa ta da aikin wasiƙu, irin wayar nan ce ta sa Hausawa suka raɗa wa wurin suna gidan waya. Fasa'oda ta fito cikin 1881, aika ƙunshin kaya cikin 1883. A watan Janairu 1909 aka fara biyan fensho na tsufa, sule biyar a mako ga matalaucin da ya cika shekara saba'in, a kan kantar nan a ke karɓa. Cikin 1946 aka ƙara da kuɗin taimakon 'ya'ya. Lokacin yaƙin duniya na farko da na biyu kuwa, ta hannun wakili labarin 'yan ƙauye da ke fagen fama ya ke biyowa, mai daɗi da marar daɗi. Ya san wanda ke da ajiya, ya san wanda ɗansa ya daina aiko da kuɗi, kuma dole ya kama bakinsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Har wa yau a lardin nan, a Hillmorton kusa da Rugby, hukumar gidan waya ta kafa babbar tashar wayar iska cikin 1926, daga nan aka fara magana ta tarho da Amurka cikin 1927.

Iyayenmu da suka zo ƙasar nan bayan yaƙi sun tarad da abin yana ganiyarsa, gidajen waya wajen 25,000 a tsakiyar shekarun 1960. Dattawa sun san shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama da a ke naɗewa a liƙe da yawu, sun san layin ranar Asabar na sayen fasa'oda zuwa Kumasi ko Nima ko Kano. Can gida kuma mai rubuta wasiƙa yana zaune ƙofar gidan waya da tebur, tsohuwa ta kawo ya karanta mata. Da wannan aka yi gini, aka yi aure, aka biya kuɗin makaranta.

Daga nan sai abin ya fara ja da baya. Cikin 1974 aka yanke Birmingham da Coventry daga Warwickshire, aka bar lardin da ƙananan garuruwa da ƙauyuka. Mutanen ƙauye suka sayi motoci suna zuwa manyan kantuna, kantin ƙauye ya rasa ciniki. Daga 2003 aka koma zuba fensho cikin banki kai tsaye, wakili ya rasa babban abin da ke kawo masa jama'a. Tsakanin 2007 da 2009 aka rufe wajen 2,500 da gangan. Yanzu waɗanda suka rage a ƙasar duka wajen 11,500 ne, waɗansunsu ma mota ce ke zuwa ta tsaya 'yan sa'o'i a mako, ko a ajiye tebur a zauren taron ƙauye.

Amma abin da ya fi rufewa muni shi ne abin da aka yi wa wakilan. Daga 1999 aka sa musu na'urar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Na'urar ta riƙa nuna giɓin kuɗi inda babu giɓi. Da ya ke tsohon sharaɗin nan yana nan, sai aka ce su cika. Wanda ya yi ƙorafi a ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsala. Tsakanin 1999 da 2015 aka hukunta fiye da mutum 900 a kan sata ko ha'incin lissafi. Waɗansu aka ɗaure, waɗansu suka sai da gidajensu, waɗansu suka mutu da baƙin cikin an kira su ɓarayi a garin da kowa ya san su.

To, a nan lardin aka fara juya al'amarin. A watan Nuwamba 2009 wani tsohon wakili daga Wales mai suna Alan Bates ya kira taro a zauren ƙauyen Fenny Compton, kudancin Warwickshire, don wurin tsakiyar ƙasa ne. Da suka haɗu kowa ya faɗi nasa, sai suka gane ashe ba wanda ya ke shi kaɗai. Mutum 555 suka haɗa kai suka kai ƙara. Cikin 2019 alƙalin Babban Kotu ya tabbatar na'urar tana da kurakurai. A watan Afrilu 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39, cikin Mayu 2024 kuma Majalisa ta yi doka ta soke hukuncin da aka yi wa ɗaruruwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma shekara ashirin ba kwana ashirin ba ce, kuma ba dukansu suka ga ranar ba.

Jama'a, akwai abin da ya shafe mu a ciki. Da yawa daga masu riƙe da gidajen waya a unguwanninmu yau 'ya'yan baƙi ne kamarmu, kuma dattawanmu da ba su iya harkar intanet ba wurinsu su ke zuwa cire kuɗi da biyan kuɗin wuta. Gidan wayar da ba a shiga, rufe shi a ke yi. Saboda haka mu riƙa kai aikinmu can. Sa'an nan wanda aka ɗora wa laifin da bai yi ba, ko a wurin aiki ko a wani ofis, kada kunya ta sa ya ƙunshe abin a ransa. Ya zo ya gaya wa jama'a, watakila akwai goma irinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yara kuma, in akwai tsofaffin wasiƙu cikin akwatin kakanku, kada ku zubar. Ku kawo a karanta muku, ku ji yadda aka yi kuka zo nan.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya jiƙan magabatanmu, amin. Wassalam.